Aji nawa ne? Daidaita azuzuwan firamare tsakanin Nijar da Najeriya

A kowace shekara, idan damina ta ja baya aka shiga kaka, manoma suna ɗaurin gero suna kaiwa rumbu, sai makarantun boko na ƙasar Nijar su buɗe ƙofofinsu cikin watan Oktoba. A garin Safo, cikin gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, wannan shi ne lokacin da daraktocin makarantu suke fito da rajista, iyaye kuma su zo riƙe da hannun ƴaƴansu. A cikin waɗannan iyaye ba a rasa wanda ya zo da takarda rubuce da Ingilishi, wadda aka ba ɗansa a wata makaranta ta Jibiya ko Katsina ko Kano. Ba a kuma rasa wanda ya zo neman takardar shaida, saboda zai tashi da iyalinsa zuwa Najeriya. Dukansu tambaya guda suke ɗauke da ita: a wane aji za a sa yaron idan ya tsallaka iyaka?

Tambayar tana da sauƙin yi, amma kuskure wajen amsa ta yana da tsada. Yaron da aka mai da baya ba bisa ƙa'ida ba ya yi hasarar shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku, uba kuma ya yi hasarar abin da ya kashe na littattafai da tufafi. Wanda aka tura gaba da matsayinsa kuwa, zai zauna cikin aji bai fahimci komi ba, har ya gaji ya bar karatun. Saboda haka ya dace iyaye da malamai da ma'aikatan hukuma su san yadda azuzuwan ƙasashen biyu suke haɗuwa, su kuma san wuraren da sunayen azuzuwan suke ruɗa mutane.

DANGI ƊAYA, MAKARANTA BIYU

Safo tana kudu da birnin Maraɗi, a kwarin Gulbin Maraɗi, wanda yake tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya sake komawa Najeriya. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na gundumar, tare da Madarumfa kanta, da Gabi, da Jiratawa, da Sarkin Yamma, da Ɗan Isa. Daga Ɗan Isa hanya ta miƙe zuwa Jibiya, daga can kuma sai birnin Katsina. Galibin mutanen wannan yanki Katsinawa ne tun asali. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar tsoffin sarakuna ce ta komo arewa ta kafa mulki a Maraɗi, shi ya sa har yau sarautar Maraɗi take ɗauke da sunan Katsina.

Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka ja layin iyaka ta tsakiyar wannan ƙasa. Tun daga nan kowane ɓangare ya bi tsarin makarantar Baturen da ya mulke shi. A yammacin Afirka ta Faransa, gwamna janar Ernest Roume ya tsara makarantu a 1903, aka kasa su zuwa na ƙauye da na yanki da na birni, kuma da Faransanci ake koyarwa. A arewacin Najeriya kuwa, Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, inda aka soma karatu da Hausa. Daga baya aka sami makarantun elementare da na midil da kwalejin Katsina. Mulkin kai na 1960 ya tarar da tsari biyu sun riga sun kafu, kowace ƙasa ta ci gaba da nata tana yi masa gyara. Har kalmar Turanci ma ta rabu biyu: idan tsoho a Safo ya ce jikansa yana jin Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi, alhali a Jibiya Ingilishi za a ɗauka.

Duk da haka zirga-zirga ba ta taɓa yankewa ba. Aure da fatauci da cin rani da neman ilimi suna kai iyalai kudu, suna kuma dawo da su arewa, yara na biye da iyayensu. A 2019 aka sami wani dalili mai ɗaci: tashin hankalin ƴan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina ya koro jama'a zuwa jihar Maraɗi. A watan Satumba na shekarar, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka tsallako sun wuce mutum 40,000, kuma mata da yara ne suka fi yawa. A cikin yaran akwai waɗanda suka soma firamare da Ingilishi, suka wayi gari a ƙofar lakwal inda mushe yake magana da Faransanci.

AZUZUWA SHIDA NA NIJAR

Dokar tsarin ilimi ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Yuni 1998, ta kasa karatun boko kamar haka: shekara 6 na firamare, shekara 4 na kwaleji, shekara 3 na lise. Azuzuwan firamare ba a kiran su da lamba. Kowane yana da suna na Faransanci, wanda aka taƙaita da haruffa.

Na farko shi ne CI, wato cours d'initiation, ajin da ake ɗora yaro bisa hanya. Na biyu CP, cours préparatoire, ajin share fage. Na uku da na huɗu su ne CE1 da CE2, cours élémentaire, ajin tushe, shekara ta farko da shekara ta biyu. Na biyar da na shida su ne CM1 da CM2, cours moyen, ajin tsakiya, shi ma shekara ta farko da ta biyu. A ƙarshen CM2 ake yin jarrabawar CFEPD, wadda jama'a suka fi sani da sartifika. An dakatar da ita wajen shekara 10, sannan aka maido ta a 2024. Makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a garin Say a 1957, su ma waɗannan sunaye suke amfani da su.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa ajin ƙarshe ake ce da shi na tsakiya? Dalilin yana Faransa. A 1882, zamanin ministan ilimi Jules Ferry, aka raba firamare ta ƙasar kashi uku: na tushe, na tsakiya, da na sama. Da zamani ya tafi, ajin sama ya ɓace, aka ƙara ajin share fage a ƙasa, amma sunan na tsakiya ya zauna yadda yake. Ke nan sunayen sun girmi tsarin da ake bi yanzu, kuma wanda ya fassara su kalma da kalma zai ɓata. Ƙamus zai nuna masa cewa élémentaire ita ce elementare, moyen kuma midil ce, alhali makarantun da suka ɗauki waɗannan sunaye a arewacin Najeriya zamanin Turawa wani tsari ne daban wanda ya daɗe da shuɗewa.

AZUZUWA SHIDA NA NAJERIYA

A Najeriya abin ya fi sauƙin ganewa, domin da lamba ake ƙirga azuzuwa, daga aji 1 zuwa aji 6. Dattawan da suka yi karatu a arewa kafin tsakiyar shekarun 1970 sun san firamare mai shekara 7, amma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 sun tsayar da ita a kan shekara 6. A 1982 aka soma aiki da tsarin da ake kira 6-3-3-4: shekara 6 na firamare, 3 na ƙaramar sakandare, 3 na babbar sakandare, 4 na jami'a. Shirin UBE, wanda shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, ya haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara 9 na ilimin tushe. Saboda haka a wasu takardu akan ga an rubuta Basic 4 maimakon Primary 4, kuma duk aji ɗaya ake nufi. Basic 7 kuwa shi ne ajin farko na ƙaramar sakandare, wanda aka fi sani da JSS 1.

Tun da kowace ƙasa shekara 6 take da su a firamare, hanyar daidaitawa ita ce a ƙirga shekarun da yaro ya yi. Ga yadda suke jeruwa:

Shekara ta 1: CI a Nijar, aji 1 a Najeriya.
Shekara ta 2: CP a Nijar, aji 2 a Najeriya.
Shekara ta 3: CE1 a Nijar, aji 3 a Najeriya.
Shekara ta 4: CE2 a Nijar, aji 4 a Najeriya.
Shekara ta 5: CM1 a Nijar, aji 5 a Najeriya.
Shekara ta 6: CM2 a Nijar, aji 6 a Najeriya.
Shekara ta 7: sixième a Nijar, JSS 1 a Najeriya.

Wannan lissafi yana da shaida a wata maƙwabciyar Najeriya. Ƙasar Kamaru tana tafiyar da tsarin Faransanci da na Ingilishi gefe da gefe, kowane da firamare mai shekara 6. A can ajin farko na masu Faransanci ana kiransa SIL, daidai yake da aji 1 na masu Ingilishi, CM2 kuma daidai yake da aji 6. A Senegal da Benin, sunayen iri ɗaya ne da na Nijar. A Burkina Faso da Togo da Cadi da Kwaddibuwa, shekaru biyun farko ana kiran su CP1 da CP2: na farkon shi ne CI na Nijar, na biyun shi ne CP.

INDA SUNAYE SUKE RUƊA MUTANE

Ruɗani na farko yana cikin lambobin da ke maƙale da haruffa. Hedimasta a Katsina wanda bai san tsarin Nijar ba, idan ya ga CE1 zai iya ɗauka aji 1 ne, idan ya ga CM2 ya ɗauka aji 2 ne. Lambar nan tana nuna shekara ta farko ko ta biyu ne kawai a cikin kashin. CE1 shekara ta 3 ce, CM2 kuwa ta 6.

Ruɗani na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma masu ilimi ma sukan faɗa cikinsa. A yau, idan aka rasa mai fassara, sai a ciro wayar hannu a duba intanet. Jadawalin da za a tarar a can, yawanci an yi shi ne domin iyayen da ke ƙaura tsakanin Faransa da Amurka ko Ingila. To, a Faransa babu CI. Firamare ta can shekara 5 ce, tana farawa daga CP, lokacin da yaro ya kai shekara 6, bayan ya fito daga makarantar renon yara. Saboda haka jadawalin zai ce CP daidai yake da aji 1 na Amurka, CM2 kuma daidai da aji 5. Wannan gaskiya ne ga yaron birnin Paris. Ga yaron Safo kuwa, an sace masa shekara guda, domin shi CP ne ajinsa na biyu, kuma idan ya gama CM2 shekara 6 ya yi cif. Ita wannan shekara ta CI an ƙara ta ne a ƙasashen Afirka saboda yaro yana zuwa makaranta bai taɓa jin Faransanci a gida ba, sai an fara sabar masa da harshen. Shekara ce ta karatu sosai, ana koyon baƙaƙe da ƙidaya a cikinta, bai kamata a zubar da ita wajen lissafi ba.

Jadawalin Ingila shi kuma yana cewa CP daidai yake da Year 2, CM2 daidai da Year 6. Lambobin sun yi kama da na lissafin Nijar da Najeriya, amma dacewa ce kawai. Dalilinsa shi ne a Ingila yaro yana shiga Year 1 yana ɗan shekara 5, kuma da shekarun haihuwa aka daidaita jadawalin. Yaron Ingila yana gama Year 6 yana da shekara 11. Yaron ƙauye a Nijar, wanda yakan shiga CI yana da shekara 6 ko 7, sai ya kai 12 ko 13 kafin ya gama CM2. Saboda haka duk wanda zai yi amfani da jadawali, ya fara tambaya ko don wace ƙasa aka yi shi.

Ruɗani na uku yana bakin ƙofar kwaleji. Ajin farko na kwaleji a Nijar sunansa sixième, ƴan makaranta suna cewa siziyem, ma'anarsa kuwa na shida. Mai fassara da bai yi hattara ba sai ya rubuta aji 6, a mai da yaron firamare bayan ya riga ya fita daga cikinta. Asalin abin shi ne tsoffin makarantun lise na Faransa suna ƙirga azuzuwa ne daga sama zuwa ƙasa: ƙaramin yaro yana farawa daga na goma sha ɗaya, ya yi ta saukowa har ya kai na ɗaya, sannan ya shiga ajin ƙarshe. Firamare ta bar wannan ƙidaya, kwaleji da lise suka riƙe ta. Shi ya sa bayan na shida sai na biyar, sai na huɗu, sai na uku, inda ake yin jarrabawar BEPC. Idan aka ƙirga shekaru, cinquième ita ce JSS 2, quatrième ita ce JSS 3, troisième kuma ta yi daidai da ajin farko na babbar sakandare. Ɗan Nijar yana kai jarrabawar bak bayan shekara 13, ɗan Najeriya yana kai ta WAEC ko NECO bayan shekara 12.

MAKI, SUNA DA RANAR HAIHUWA

Ko an daidaita aji, sauran abin da ke cikin takarda yana bukatar mai ido. A firamare ta Nijar maki bisa 10 ake ba da shi, a kwaleji bisa 20. A Najeriya bisa 100 ne. Yaron da ya sami 8 bisa 10 haziƙi ne, daidai yake da mai 80 bisa 100, amma idan aka kwafe lambar 8 kaɗai, ba a rubuta bisa nawa ba, sai a ɗauke shi daƙiƙi. Haka nan wanda ya zo da 45 daga Najeriya, a lissafin Nijar 4 da rabi ke nan, bai kai 5 da ake nema domin wucewa ba. A takardar Nijar kalmar moyenne tana nufin matsakaicin maki, rang matsayin yaro cikin ƴan ajinsu, redouble kuma maimaita aji. A ta Najeriya, position ita ce matsayi, promoted ya wuce, repeat ya maimaita. Masu Faransanci suna raba lamba da waƙafi, su rubuta 7,50, masu Ingilishi kuma da aya, 7.50. Hatta rubutun hannu ya bambanta: lambar 1 ta ɗan lakwal tana da dogon ƙugiya a gaba, har wanda ya saba da rubutun Najeriya yakan karanta ta 7.

Sunan yaro shi ma yakan sake kama idan ya tsallaka iyaka. Wanda aka rubuta Ousmane a Safo shi ne Usman a Jibiya, Chaibou shi ne Shu'aibu, Aïchatou ita ce A'ishatu. Idan takardar haihuwa ta ɗauki rubutu ɗaya, takardar makaranta ta ɗauki wani, matsalar ba ta fitowa sai ranar da za a rubuta sunan ɗalibi domin babbar jarrabawa, lokacin kuwa gyara ya yi wuya. Abin da ya fi shi ne a kwafe sunan harafi da harafi yadda yake a takardar haihuwa, ko da rubutun ya yi wa malami baƙo. Yaron da ba a yi wa takarda ba lokacin haihuwarsa, sai an je gaban alƙali an samo masa wadda za ta maye gurbinta, kuma gara a yi haka tun kafin tafiya.

Lokacin tafiyar ma abin lura ne. Shekarar karatu a Nijar tana kamawa daga Oktoba zuwa Yuni. A yawancin jihohin Najeriya ana komawa a Satumba, a tashi a Yuli. Iyalin da suka jira sai an gama aikin kaka suka tashi a Nuwamba ko Disamba, za su tarar zango na farko ya kusa ƙarewa a Katsina. Mafi alheri shi ne a sauya wa yaro makaranta cikin dogon hutu, bayan ya gama aji ya karɓi sakamakonsa.

ABIN DA KUSKURE YAKE JAWOWA

A ɗauki misalin yarinyar da ta shiga CI a Safo tana da shekara 7, ta gama CM1 tana da 12, ba ta taɓa maimaita aji ba, sai iyayenta suka koma Katsina. Bisa lissafi, aji 6 ne nata, kuma tana da shekara 13 za ta gama firamare. Idan aka bi jadawalin Faransa da Amurka, za a ce aji 4 ta gama, a sa ta aji 5. Idan hedimasta ya ƙara rage mata shekara guda saboda ba ta jin Ingilishi, ta koma aji 4, cikin yara ƴan shekara 9. Sai ta kai shekara 15 kafin ta gama firamare. Kowa ya san abin da wannan yake nufi ga ƴa mace a ƙasar Hausa: maganar aure za ta iya riga jarrabawa zuwa. Gwamnatin Nijar ta fitar da doka a watan Disamba 2017 domin kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16, amma shekarun da aka zubar wajen fassara babu dokar da za ta maido su.

Haka abin yake ga yaron da ya gama aji 4 a Jibiya ya zo Safo. Matsayinsa CM1 ne. Ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa, ya san baƙaƙe, amma ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Idan aka mai da shi CI saboda harshe, an shafe masa shekara 4, ya zauna da ƙannensa a benci ɗaya. Yaro mai shekara 10 ko 11 ba ya jure wannan kunya na tsawon lokaci. Sai a gan shi a tasha ko a kasuwa yana dako.

A nan ne jadawali yake tsayawa, hankalin malami ya karɓa. Jadawali yana faɗin shekarun da yaro ya yi, bai faɗi harshen da ya yi su da shi ba. A Nijar sai an shiga kwaleji ake soma Ingilishi. A Najeriya Faransanci darasi ne kawai cikin darussa, a makarantun da suka sami malaminsa. Amma rashin harshe daban, rashin ilimi daban. Hanyar da za a gane shi ita ce a gwada yaron da Hausa, harshen da shi da malamin duka suke ji. A ba shi lissafi a kan allo, domin lamba ɗaya ce ko'ina. A ba shi rubutun Hausa ya karanta, domin tun taron da masana suka yi a Yamai cikin Janairu 1980 aka kusanto da ƙa'idojin rubutun Hausa na ƙasashen biyu. Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan dabara: almajirin da ya tashi daga Safo ya je Zariya, malam yakan saurari karatunsa ne, ya gane izu nawa ya kai, ya ɗora masa daga nan.

Nijar tana da abin da za ta dogara da shi a wannan fanni. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Akwai kuma azuzuwan gaggawa da ake kira passerelle, wato ƴar gada, waɗanda aka soma a Mali a 2004 suka yaɗu zuwa Burkina Faso da Nijar. A cikinsu ana ɗaukar yara ƴan shekara 8 zuwa 12, a koyar da su wata 9, a fara da harshen gida sannan a shiga Faransanci, daga nan a miƙa su ga makarantar gwamnati. Yaron da ya riga ya yi shekaru a firamare ta Najeriya, abin da yake bukata ya fi wannan sauƙi, tun da harshe kawai ya rage masa. Idan har ya zama dole a rage masa aji, kada ya wuce guda ɗaya, kuma a ba shi ƙarin darasi na harshe cikin watannin farko.

AIKIN KOWA

Uban da zai tashi da iyali, ya je wurin darakta tun da wuri ya karɓi takardar shaidar karatu da littafin maki, ya haɗa da takardar haihuwa. Ya roƙi darakta ya ƙara layi guda a ƙasan sunan aji, wanda zai nuna shekara ta nawa ce cikin 6, ya kuma rubuta kowane maki tare da abin da aka auna shi bisa, 7 bisa 10, ba 7 kaɗai ba. Wannan layi guda ya isa ya hana kuskuren da aka ambata a baya.

Daraktan da aka kawo wa takardar Najeriya, ya ƙirga shekaru, ya dubi girman yaron, ya gwada shi da Hausa, sannan ya yanke shawara tare da uban, ya kuma sanar da ma'aikatar sufeton makarantu. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda jama'a suka sani da COGES, suna iya kafe jadawalin nan a bangon ofishin kowace makaranta, da Hausa da Faransanci, inda kowa zai gani.

Ga magabata kuwa, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wannan ya buɗe ƙofar buga takardar sauya makaranta guda ɗaya cikin harsunan uku, mai ɗauke da sunan aji, da shekarar karatu, da ma'aunin maki, wadda hedimasta a Jibiya da darakta a Safo za su karanta ba tare da tafinta ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauni a Yamai, wuri ne da ya dace a kai irin wannan magana. Kuɗin buga takardar kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin shekara guda ta karatu da yaro ɗaya yake maimaitawa a banza.

Sai kuma waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, aikin da aka soma a Nijar tun farkon shekarun 1960. Su ne suke zaune cikin ƙauyuka tare da iyayen yaran, kuma su ne ake kawo wa takarda a karanta. Wanda ya iya karanta wannan shafi ya iya kwafe layuka 7 na jadawalin a cikin littafinsa ya ajiye. Ranar da maƙwabci ya zo yana shirin tafiya Katsina ko Kano, ko baƙo ya sauka da ƴaƴansa daga Zamfara, sai ya buɗe littafin, su ƙirga shekarun yaron tare, ya raka su wurin darakta. Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi ce, kuma tambayar da ta kamata a fara yi a nan ita ce: shekara nawa yaron ya yi a makaranta?